Yadda Ake Shirya Tafiyar Kallon Tsuntsaye a Dazuzzuka da Fadamun Gabashin Turai

Duk wanda ya san fadamun Hadejia da Nguru, ko bakin Tafkin Chadi, ya san cewa da zarar zafin bazara ya kankama sai baƙin tsuntsayen da suka cika ruwa tun kaka su ɓace. Agwagin daji, da tsattsewa, da 'yan tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a gonakin shinkafa bayan girbi, duk arewa suke nufa, su keta Sahara da Bahar Rum. Wasunsu a gabashin Turai suke yin sheƙa, wasu kuma zango kawai suke yadawa can kafin su wuce Siberiya. A nan gida muna ganinsu ne cikin tufafin aiki, launin ƙasa-ƙasa, ba kuka ba rawa. Adon aure da waƙa sai a can, cikin watan Afrilu da Mayu.

Mataki na farko: zaɓi ƙasa ɗaya

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ce tunda ya kashe kuɗin jirgi sai ya haɗa ƙasashe uku a kwana goma. Rabin tafiyar a mota za ta ƙare. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku.

Wurare uku ne suka fi suna. Na farko arewa maso gabashin Poland, inda dajin Białowieża da fadamar kogin Biebrza suke kusa da juna, tafiyar kamar awa biyu da rabi a mota. Na biyu bakin kogin Danube a Romaniya, wurin da kogin ya rabu reshe uku kafin ya faɗa Baƙin Teku. Nan ne matattarar kwasakwasa mafi girma a Turai, ga zalɓe iri-iri, kuma kusan komai a cikin kwalekwale ake yinsa, daga garin Tulcea ake tashi. Na uku filin Hortobágy a Hungari, gandun ƙasa na farko a ƙasar tun 1973, shimfiɗaɗɗiyar makiyaya ce da tafkunan kiwon kifi.

Ga mai zuwan farko, ni dai Poland zan ce. Dalili kuwa shi ne ita ce ta haɗa tsohon daji da fadama a tafiya ɗaya, kuma masu jagorar wurin sun daɗe suna karɓar baƙi. Saboda haka a kanta jagorar nan za ta fi tsayawa. Wanda zuciyarsa ke wajen manyan tsuntsayen ruwa, kuma doguwar tafiyar ƙafa tana ba shi wuya, ya nufi Danube. Ya dai sani akwai takardar izinin shiga da hukumar kula da yankin ke sayarwa, kuma reshen arewa na kogin, wato Chilia, shi ne iyakar Romaniya da Yukren, inda yaƙi bai yi nisa ba. Ya bi rassan tsakiya da kudu.

Mataki na biyu: lokaci

Nan ne tafiya ke gyaruwa ko ta lalace, domin sati biyu ya isa ya canza komai.

A watan Maris da farkon Afrilu kogin Biebrza yana ambaliya da ruwan ƙanƙarar da ta narke, dinyar daji da gauraki suna sauka da yawa, amma sanyi yana nan daram, kuma masu waƙa daga Afirka ba su iso ba. Wannan lokacin kuma shi ne mafi kyau na ganin maƙwaƙƙwafi da mujiya a daji, saboda bishiyoyi ba su fid da ganye ba. Daga ƙarshen Mayu kuwa kowa ya iso, sai dai ganye ya rufe dajin ruf, za ka ji tsuntsu a bisa kanka amma ba ka ganinsa, sauro kuma ya yi ƙarfi.

Tsakiyar waɗannan biyun ake nema, daga kamar 5 zuwa 20 ga Mayu. A kauce wa 1 zuwa 3 ga Mayu, domin hutun ƙasa ne a Poland, masauki yana cika, hanyoyin daji ma suna cika da iyalai masu yawon shan iska. In burinka shi ne ganin tsuntsun da 'yan ƙasar ke kira batalion, wanda mazansa ke fid da gashin wuya mai launi daban-daban suna kokawa a fili, to matso da tafiyar farkon watan, don a ƙarshen Afrilu da farkon Mayu suke wucewa da yawa. Shi ne dai wannan mai launin toka da ke tsintar shinkafa a fadamun Yobe da Jigawa da rani, sai dai in ka gan shi cikin wannan ado ba za ka yarda ba.

Mataki na uku: takardu

Poland da Hungari da Romaniya duk suna cikin yankin Schengen. Romaniya ta shiga gaba ɗaya ne daga 1 ga Janairu, 2025. Biza ɗaya ke nan, amma a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ake nema, kuma duka ukun suna da ofishi a Abuja. Kuɗin bizar gajeren zama Yuro 90 ne tun tsakiyar 2024, ban da na kamfanin karɓar takardu inda ake bi ta hannunsa. Ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da fasfo mai sauran aƙalla wata uku bayan ranar fitarka, da shaidar masauki, da bayanin asusun banki, da abin da ke nuna kana da aiki ko sana'ar da za ta dawo da kai.

Doka ta ba da damar nema tun wata shida kafin tafiya, don haka mai son Mayu ya fara neman ranar ganawa tun Disamba ko Janairu. Abin da zai taimake ka ƙwarai shi ne takardar jadawali daga mai jagora ko kamfanin da ka yi ciniki da shi, wadda ta nuna rana kaza za ka kwana a gari kaza. Jami'in biza bai saba ganin ɗan Najeriya ko ɗan Nijar ya ce kallon tsuntsaye zai je ba. Ka ba shi abin da zai gani da idonsa, kamar katin ƙungiyar masu kallon tsuntsaye ko jerin abin da ka taɓa rubutawa a eBird, shafin intanet da masu kallon tsuntsaye ke ajiye abin da suka gani. Kada ka biya kuɗin da ba a mayarwa kafin biza ta fito.

Mataki na huɗu: koyi aikin tun daga gida

Ba a gyaran gangar auzinawa ranar tafiya. Sayi madubin hangen nesa mai lamba 8x42, wato yana kusanto da abu sau takwas, faɗin gilashinsa kuma milimita 42. Wannan ya fi mai lamba 10 ko 12 amfani a cikin daji mai duhu, domin hannu ba ya rawa da shi sosai kuma yana shan haske. Babban madubi mai ƙafa uku yana da amfani a fadama, amma kada ka saya saboda tafiya ɗaya, mai jagora yana zuwa da nasa.

Sai ka fita da madubin kullum. Dabarar ita ce ka kafe idonka a kan tsuntsun, sa'annan ka ɗago madubin zuwa idon ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Wanda bai saba ba, kafin ya gama lalube tsuntsu ya tashi. In da hali, je Dagona ko Nguru a Janairu ko Fabrairu, ko dajin Amurum kusa da Jos inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take. Sauke manhajar Merlin a waya tare da kundin tsuntsayen Turai tun kana inda intanet ke da ƙarfi, ka riƙa sauraren kukansu. A daji kunne ne ke fara gano tsuntsu.

Kayan sawa kuwa, kada rana ta ruɗe ka. Da rana zafi yana iya haura digiri 20, amma da asuba a fadama yana iya sauka kusa da sifiri. A sa kaya hawa-hawa: riga mai ɗumi a ciki, suwaita, sai rigar da ruwa ba ya ratsawa, da hular sanyi da safar hannu. Launi ya zama mai duhu, kore ko ruwan ƙasa. Farar shadda a bar ta a akwati. Takalmin roba mai tsawo wajibi ne a Biebrza, amma saya shi a can ya fi ka cika jaka da shi.

Mataki na biyar: mai jagora da abin hawa

Ana sauka a Warsaw, yawanci bayan canjin jirgi a Istanbul ko Doha ko Frankfurt. Daga nan zuwa Białowieża kamar awa uku da rabi ne a mota. Akwai jirgin ƙasa zuwa Białystok da Hajnówka, sai dai wuraren tsuntsaye a warwatse suke, kuma ba motar haya da ke fita ƙarfe huɗu na asuba. Ko dai ka ɗauki hayar mota, ko ka shiga ayarin da kamfani ya shirya. Tuƙi a hannun dama ne kamar gida, ana barin fitila a kunne dare da rana, kuma ka taho da lasisin ƙasa da ƙasa.

Ko da motarka, ɗauki mai jagora aƙalla kwana ɗaya a kowane wuri. Kafin ka biya, tambaye shi mutum nawa ne a ayarin, ko yana da lasisin shiga killataccen ɓangaren dajin Białowieża, wato tsakiyarsa da aka fi tsarewa, da abin da kuɗin ya ƙunsa, a rubuce. Ayarin da ya wuce mutum takwas hayaniya ce, na baya ba ya ganin komai.

Mataki na shida: kwanakin daji

Kwana uku a Białowieża sun yi daidai. Dajin ya ratsa iyakar Poland da Belarus, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1979, kuma yana cikin ragowar dajin da ya taɓa rufe filayen Turai. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne a tsakiyarsa ba a kwashe itacen da ya mutu. Kututture yana faɗuwa ya ruɓe a inda yake, tsutsa da ƙwari su cika shi, shi ya sa kusan duk nau'in maƙwaƙƙwafi na Turai yana nan. Biyu ne ake wahalar gani a wasu wurare: mai farin baya da mai yatsu uku. Akwai kuma baƙin nan babba mai jar hula, girmansa ya doshi na hankaka.

Ba a shiga killataccen ɓangaren sai da mai jagora mai lasisi, a ƙafa. Nemi fitar asuba. Rana tana fitowa wajen ƙarfe huɗu da rabi a tsakiyar Mayu, kuma awa ukun farko sun fi sauran yinin gaba ɗaya albarka. A wannan lokacin ne kuma ɓaunar Turai, żubr, ke fitowa kiwo a bakin daji. An kashe ta ƙarshe a dajin a 1919, aka sake haɗa garke daga waɗanda suka rage a gidajen namun daji tun 1929, aka fara sakinsu a 1952. Kada ka matsa kusa da ita don hoto, musamman mai ɗa.

Da rana ta take, koma ka kwanta. Da yamma a fita neman 'yar ƙaramar mujiyar da ba ta kai tafin hannu da yatsu ba, wadda ke kuka daga ƙololuwar bishiya gab da magariba.

Ga wata magana da kamfanonin yawon buɗe ido ba sa son yi, amma ta shafe mu kai tsaye. Tun 2021 baƙin haure daga Gabas ta Tsakiya da Afirka ke ƙoƙarin shiga Turai ta wannan dajin, Poland kuma ta gina katangar ƙarfe a kan iyakar a 2022. Sojoji da masu gadin iyaka suna ko'ina, lokaci-lokaci kuma ana rufe wani yanki kusa da iyakar. Baƙar fata da ke yawo a daji da asuba, tabbas za a tsayar da shi. Fasfo na asali, da takardar masauki, da lambar mai jagora su kasance a aljihunka koyaushe, har zuwa shagon unguwa. Kada ka shiga daji kai kaɗai ta gabashin ƙauyen Białowieża, kada ka ɗauki hoton sojoji ko katangar, kada ka rage wa wanda ba ka sani ba hanya. In an tsayar da kai, miƙa takarda cikin natsuwa, madubin da ke wuyanka ma shaida ne. Ka kuma kulle wayarka a kan layin Poland, domin takan kama na Belarus da kanta ta cinye kuɗi.

Mataki na bakwai: hanyar fadama

Kada ka yi gaggawar ranar ƙaura daga daji zuwa fadama. Tsaya a madatsar ruwa ta Siemianówka, inda ake ganin gaggafa mai farin bindi. Daga nan akwai ƙauyukan Kruszyniany da Bohoniki, inda Tatar Musulmi suka zauna tun 1679, lokacin da Sarki Jan Sobieski ya ba sojojinsu ƙasa. Masallatansu na katako suna nan da maƙabartunsu. Kusa da Tykocin kuma akwai Pentowo, gidan gona da farar shamuwar Turai ta cika da sheƙa. Mutanen karkarar Poland suna ɗaukarta kamar yadda muke ɗaukar tamu shamuwar mai zuwa da damina: ba a taɓa ta, ana murnar ta sauka a rufin gida. Irin waɗannan ta mashigin ruwan Bosforus na Turkiyya da Masar suke bi zuwa Sudan da Chadi da kudancin Afirka.

Biebrza ta cancanci kwana huɗu. An kafa gandun ƙasa a nan a 1993, shi ne mafi girma a Poland, kusan murabba'in kilomita 590. Ofishinsa yana Osowiec-Twierdza, kuma sai da tikiti ake bin hanyoyinsa. Sauka a Goniądz ko wani ƙauye kusa. Da safe a zaga Brzostowo da tudun Burzyn da Mścichy, inda ake tsayawa a bisa a hango ruwa ya malale makiyaya, ga batalion, ga gauraki, ga garken ƙananan tsuntsayen ruwa baƙaƙe masu fararen fukafukai suna shawagi. Yawansu ya danganta da ruwan shekarar. In an yi ƙarancin ƙanƙara, fadama takan janye da wuri, shi ya sa yake da kyau ka tambayi mai jagora halin ruwa sati biyu kafin ka taso.

Yamma ɗaya a ware ta domin Długa Luka, wata gadar katako da ta shiga cikin ciyawar fadama daga titin da ake kira Carska Droga. Nan ake neman wodniczka, ɗan tsuntsu mai nauyin kamar giram 12, mai zane rawaya a ka. Yana cikin tsuntsayen Turai da suka fi fuskantar barazanar ƙarewa, saboda an tsotse yawancin fadamun da yake haihuwa aka mai da su gonaki. Mafi yawan waɗanda suka rage suna Belarus da Yukren da Poland. An daɗe ba a san takamaiman inda yake cin rani ba, sai a 2007 aka same shi a Djoudj ta ƙasar Senegal, daga baya kuma a fadamar kogin Kwara ta tsakiyar Mali. Ka isa awa biyu kafin faɗuwar rana, ka tsaya shiru. Namijin yana hawowa kan kara ya yi waƙa ya koma ƙasa. A titin nan ake yawan karo da łoś, ƙatuwar dabba dangin barewa da ta kai doki tsawo, don haka tuƙi a hankali da dare.

Wata yammar kuma ta dubelt ce, wani tsuntsun fadama mai dogon baki, wanda mazansa ke taruwa a dandali ɗaya da almuru suna kumbura ƙirji. Wannan sai da mai jagora, kuma daga nesa. Kada ka kunna kukan tsuntsu a waya don ya fito. Lokacin kwanci ne, kana ɗaga shi daga kan ƙwai.

Mataki na takwas: lafiya, abinci, salla

Sauron wurin ba ya kawo maleriya, amma yana cizo ba tausayi. Abin tsoro shi ne kaska. A wannan yanki tana ɗauke da cutar Lyme da wata mai kumbura ƙwaƙwalwa. Ta biyun tana da rigakafi, amma allura ce fiye da ɗaya da tazara a tsakani, sai ka yi magana da likita tun da wuri. Cusa ƙafar wando cikin safa, fesa magani, ka duba jikinka kowane dare, musamman hammata da bayan gwiwa da ƙugu. In ka ga ta maƙale, kama ta da hantsaki daf da fata ka ja a miƙe, ba matsawa ba ƙonawa. Jan zobe a wurin cizo, ko zazzaɓi bayan ka dawo, ka gaya wa likita inda ka je, kada a tsaya kan maganin maleriya kawai. Lambar gaggawa 112 ce.

Naman alade yana cikin yawancin girkin karkara, har da kitsensa da ake suya da shi ko a shafa a burodi. Haddace kalmomi biyu, wieprzowina (naman alade) da smalec (kitsensa), ka gaya wa mai masauki tun kafin ka zo. Kifi da ƙwai da cuku da dankali ba sa yankewa. Nama da madara kuwa doka ta hana shiga da su Tarayyar Turai, saboda haka kilishi ya tsaya a gida. Yawancin shaguna a rufe suke ranar Lahadi, ka yi sayayyar guzuri ranar Asabar. Kuɗinsu zloti ne, kati yana aiki kusan ko'ina, amma riƙe 'yan takardu saboda ƙauye.

Alƙibla kudu maso gabas take. Rana tana faɗuwa bayan ƙarfe takwas na dare, kuma daga tsakiyar Mayu hasken shafaƙi ba ya gushewa gaba ɗaya a wannan yanki, shi ya sa manhajojin salla ke saɓawa juna a kan isha da asuba. Tambayi malaminka kafin ka tashi, ko ka bi jadawalin Musulmin Białystok. Baccin dare ba zai wuce awa huɗu ko biyar ba, ramuwarsa ita ce ƙailula.

Kowane dare kafin ka kwanta, rubuta abin da ka gani da wurin da sa'ar, ka raba wanda ka gani da wanda ka ji kawai. Wanda ba ka tabbatar ba, sa masa alamar tambaya, ka nuna wa mai jagora hoton da safe kafin ka tura shi eBird.